Gajiya ko kasala: wacce za ka saka a gidaje shida?

A wasan cike gidaje da kalmomi, idan ma'anar da aka bayar ita ce "mutuwar jiki", kalmomi biyu ne ke faɗo wa mutum: gajiya da kasala. Kowacce harafi shida gare ta, kuma harafi na biyu da na ƙarshe duk "a" ne, don haka waɗannan gidaje ba za su raba gardamar ba.

Gajiya bayan wahala take zuwa. Manomin da ya wuni yana huɗa, ko matar da ta gama surfe hannunta duk ya yi kanta, su ake yi wa "ina gajiya?", su ce ta bi lafiya. Barci da wanka da ruwan ɗumi kan warware ta.

Kasala kuwa, wadda muka aro daga Larabci, ba ta jiran aiki. Takan sauko bayan an cika ciki da tuwon dawa a zafin bazara, ko a farkon zazzaɓin cizon sauro, ko lokacin laulayin ciki. Har neman tsari ake yi daga gare ta a addu'a.

A ganina kasala ta fi dacewa da "mutuwar jiki". Idan mai tsara wasan gajiya yake nufi, ya kamata ya ambaci aiki ko doguwar tafiya.