Ross ko Long Branch: wacce za a fara saye?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Kanada ya ce ya samu lasisin mallakar bindiga, yana son fara tara tsofaffin bindigogin soja masu sakata, sai ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin Ross da Lee-Enfield ƙirar Long Branch. Malam, duka biyun harsashin .303 suke ci, amma halinsu ya sha bamban.

Ross 'yar gida ce, ƙirar Kanada. Sir Charles Ross ya ƙera ta a birnin Kebek, ministan soja Sam Hughes kuma ya tsaya mata kai da fata. Sakatarta ba a murɗa ta, ja ne da turawa kawai, kuma wajen saiti ba ta da makusa. A ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya asirinta ya tonu. An ƙera ta a matse ƙwarai, ga taɓo, ga harsasan Ingila da awonsu bai cika daidaita ba. A Ipir ta ƙasar Beljiyam, cikin Afrilun 1915, ana tsaka da hayaƙin guba ta dinga cijewa, har sojoji na dukan sakata da takalmi. Da yawa suka yar da ita suka tsinci Lee-Enfield ta Ingilawan da suka mutu. A 1916 aka janye ta daga fagen daga. Wannan yana ci min rai, don da rayukan samari aka biya taurin kan manya. Sai dai gwanayen harbi daga ɓoye, irin su Francis Pegahmagabow ɗan ƙabilar Ojibwe, sun ci gaba da riƙe ta, saboda su suna da sukunin goge ta da zaɓen harsashi.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Sakatar Ross samfurin Mk III, in aka kwance ta aka mayar ba daidai ba, za ta rufe kamar lafiya lau alhali ba ta kulle ba, ana harbawa ta dawo fuskar mutum. An sa wa wasu ƙusa don hana hakan, ba duka ba. Kada ka harba ta sai maƙerin bindiga ya duba.

Long Branch kuwa sunan unguwa ce a gefen Toronto, inda Kanada ta fara ƙera Lee-Enfield samfurin No. 4 a 1941, aka fitar da wajen 900,000 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗaukar harsashi 10, Ross 5. Ta je Italiya, ta je Nomandi ta Faransa, ta je Koriya, dakarun Rangers masu sintiri a can arewacin Kanada mai ƙanƙara kuma ba su fara ajiye ta ba sai 2018 da sabuwar bindiga C19 ta zo. Mu ma mun san danginta, "mak fo" ɗin nan ta kafaɗar 'yan sandan da.

Ni da Long Branch zan fara. Kayan gyaranta na samuwa, ba ta da rikici, kuɗinta bai kai na Ross mai cikakkiyar sura ba. Ka dai lura, bayan yaƙi an yi gwanjonsu da arha, mafarauta suka yanke katakon da yawa don sauƙin ɗauka a daji, kuma wadda aka yanke darajarta ta faɗi a wurin masu tarawa. Ka duba lambar sakata ta dace da ta jikin bindigar, ka haska cikin bututun, don tsohon harsashi yana barin gishirin da ke cin ƙarfe. Ross ta jira har idonka ya buɗe a harkar.