Ranar cikin manhaja ko hotunan sama na HDRI: wanne ya dace da gidan Kano?

Malam, game da tarin hotunan sama na HDRI da aka yi maka tayi, wato hotunan sararin sama masu ɗauke da ƙarfin haske da ake haska zanen gini da su a kwamfuta, shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka, ka yi aiki da tsarin rana da ke cikin manhajar fitar da hoton gini da kake da ita, ko V-Ray ce ko Lumion ko Twinmotion, bayan ka saka mata wurin da filin yake da kwanan wata da lokaci.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ranarmu tana hawa sama ƙwarai. Ko a watan Disamba, da tsakar rana takan kai wajen digiri 54, alhali a Landan wajen digiri 15 kawai take kaiwa a wannan lokaci. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta kuma ranar tsaka takan karkata arewa, har bangon arewa da aka ɗauka yana cikin inuwa ya sha zafi. Tsarin rana na manhaja yana lissafa duk wannan da kansa, don haka inuwar da mai gida zai gani a hoto ita ce wadda zai tarar idan ya tare.

Da wannan tsari na taɓa nuna wa wani Alhaji falonsa mai babbar taga ta fuskar yamma, da ƙarfe huɗu na la'asar a watan Afrilu. Da ya ga yadda rana ta malale kan kujeru har tsakar ɗaki, sai ya yi shiru, sannan ya ce a faɗaɗa baranda a rage tagar, tun ba a ɗora bulo ko ɗaya ba. Har yau idan muka haɗu sai ya ambaci sanyin falon nan a bazara, kuma ta hanyarsa na samu wasu ayyukan. Na kuma fitar masa da hoto na biyu na yanayin hunturu, inda na ƙara ma'aunin ƙurar iska har sama ta yi fari-fari, inuwa ta yi laushi, domin ya ga yadda farin fentin da yake so zai dusashe cikin hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A nan ne ya koma launin ƙasa.

Su kuwa hotunan HDRI, ba zan ce ba su da amfani ba, domin suna ba gilashi ƙyalli mai kyau, suna kuma taimakawa idan ana son hadarin damina a bayan gini. Tarin da na saya yawancinsa sararin Turai ne mai rana ƙasa-ƙasa, yana nan ajiye a kwamfuta.

Idan za ka ƙara hoton almuru, wanda masu gida ke so saboda fitilu, ka sa ƙwayayen fitilun ciki a kan Kelbin 2700 zuwa 3000 (Kelbin shi ne ma'aunin launin haske), amma kada ka gabatar da shi shi kaɗai, domin yana ɓoye matsalar zafi gaba ɗaya.

Ka yi hattara da masu sayar da irin wannan kaya a filashi ko ta WhatsApp. Da yawansu daga shafin Poly Haven suke kwasowa, inda ake bayar da su kyauta ga kowa, wasu kuma hoton JPG ne kawai suke canza wa suna, wanda ba ya ɗauke da ƙarfin hasken da zai fitar da inuwa. Hoton HDRI na gaske yakan zo da .hdr ko .exr a ƙarshen sunansa. Masu sayarwar nan su ne kuma masu haɗawa da manhajar sata da ke lalata kwamfuta a tsakiyar aiki. Ka saita ranar manhajarka a kan filin da za a gina, idan kuma ka buƙaci gajimare ka sauke na kyauta.