Babban suna ko gamsuwar masu hulɗa: me za ka duba kafin ka zaɓi kamfani?

Mai sayen takalmi yana gwadawa a ƙafarsa kafin ya biya. Wanda zai buɗe asusu a banki, ko ya yi inshora, ko ya ja intanet gidansa, ba shi da wannan dama. Sai ya shiga yake sanin abin da ya saya. Shi ya sa mutane ke rataya zuciyarsu a kan sunan kamfani.

Suna yana da amfaninsa. Kamfanin da ya daɗe yana da abin da zai rasa in ya ci amana, kuma galibi yana da ƙarfin biyan diyya idan ta ɓaci. A harkar da kuskure ɗaya zai iya durƙusar da kai, kamar ajiyar kuɗi ko inshorar lafiya, ni ina fifita shi. Sai dai suna shaidar jiya ce, ma'aikatan da suka gina shi wataƙila sun daɗe da barin wurin.

A harkar yau da gobe kuwa, kamar gyaran mota ko kai saƙo, ƙaramin kamfanin da masu hulɗa da shi ke yabawa ya fi mini. Nan ne ake yawan yaudarar kai. Ganin mutane sun shekara goma da kamfani ba ya nufin suna jin daɗinsa. Wasu yarjejeniya ce ta ɗaure su, wasu wahalar sauya lamba ko kwashe takardu ce ta hana su tashi. A wani rubutu da suka yi a 1995, masana harkar kasuwanci Thomas Jones da Earl Sasser sun kwatanta irin waɗannan da waɗanda aka yi garkuwa da su. A cikin wannan rubutu nasu sun kawo abin da Xerox, kamfanin injinan kwafin takardu, ya gano: mai sayen da ya ba shi makin gamsuwa 5 cikin 5 ya ninka wanda ya ba shi 4 har sau shida wajen yiwuwar sake saye. Wato mai cewa "ba laifi" ƙafarsa ɗaya na waje.

Don haka in za ka tambayi wani da ke hulɗa da su, kada ka ce masa "yaya suke?" Ce masa, "ranar da abu ya lalace, yaya suka yi da kai?" Sau nawa ya kira kafin a ɗauka, an amsa laifi ko an ɗora masa, kwana nawa aka yi kafin a gyara? Amsar wannan ta fi duk wata talla nauyi a wurina.

Kai ma kira lambar ƙorafinsu tun ba ka biya ko sisi ba, ka ji yadda ake magana da mutum. Sannan ka karanta sashen fita daga yarjejeniyar a tsanake. Idan tarar barin kamfanin ta yi tsauri, ka nemi gwajin wata ɗaya ko uku kafin ka sa hannu a kan na shekara.