Kafin Ku Sayi Manhajar Albashi da Kula da Ma'aikata a Kaduna

Da zarar ma'aikatan makarantar kuɗi, asibiti ko masana'anta sun haura ashirin, sashen kula da ma'aikata yakan fara nishi tun daga ranar 25 ga wata. Wa ya yi aikin dare, wa ya karɓi adibas, wa ya dawo hutu, nawa za a cire wa wane na ƙungiyar adashi. A daidai wannan gaɓar dillalan manhaja ke shigowa, kowanne da allonsa mai ƙyalli. Allon ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko manhajar za ta fitar da albashinku na watan jiya daidai, kobo bai ɓace ba, ta kuma ba ku takardun da hukumomi ke nema a ranakun da suke nema.

Saboda haka a fara da ranakun. Harajin albashi, wato PAYE, ana miƙa shi zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, kuma jihar da ma'aikaci ke zaune ita ke karɓa. Na Kaduna da Zariya da Kafanchan nasu hukumar harajin jihar Kaduna ce, wato KADIRS, amma in kuna da reshe a Kano, Suleja ko Abuja, kowanne da tasa hukumar. Rahoton shekara na harajin ma'aikata yana da wa'adin 31 ga Janairu. Fansho kuwa, dokar 2014 ta ɗora wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kan tushen albashi da alawus ɗin gida da na sufuri, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Jinkiri yana jawo tarar aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin a kowane wata. Sai NSITF, asusun biyan diyyar raunin da aka samu a bakin aiki, mai karɓar kashi 1 na jimillar albashin wata, da ITF, hukumar horar da ma'aikata, mai karɓar kashi 1 na albashin shekara daga kamfanonin da dokarta ta shafa. Duk manhajar da ba ta san waɗannan ba, rajistar sunaye ce kawai kuka saya da tsada.

Zaɓin da ke kasuwa

Mafi arha shi ne Excel ko Google Sheets, kuma ba abin rainawa ba ne. Ma'aikata goma sha biyar masu tsayayyen albashi, babu aikin dare, babu reshe a wata jiha, Excel ya ishe su. Illarsa a wurare uku take. Lambar asusun banki tana da alƙaluma 10, da yawa kuma da sifili suke farawa. In ba a saita layin a matsayin rubutu ba, Excel zai haɗiye sifilin, banki ya dawo da kuɗin. Na biyu, wani ya rubuta adadi da hannu a kan gurbin da lissafi yake, sai wata uku ta wuce ana cire wa mutum harajin da ba nasa ba. Na uku ya fi muni: babu shaidar wanda ya canja me, ko yaushe. Ranar da jami'in da ya ƙera fayil ɗin ya ajiye aiki, sai a tarar babu wanda ya san kansa.

Sama da shi akwai manhajojin da aka gina a Najeriya da ke aiki ta intanet, irin su SeamlessHR da PaidHR da BizEdge. Ga mafi yawan kamfanoni masu ma'aikata daga talatin zuwa 'yan ɗaruruwa, nan ya kamata a fara leƙawa. An yi su ne da PAYE da fansho na gida a zuciya, in doka ta canja su ke da alhakin gyarawa, kuma da naira ake biya. Yawanci kuɗin kai ne, wato kaza a kan kowane ma'aikaci duk wata, don haka ku yi lissafin shekara kafin ku ce da sauƙi. A ɗauka an ce muku naira 2,000 kowane kai, kuna da mutum 60: naira miliyan 1 da dubu 440 ke nan a shekara, ban da VAT na kashi 7.5, ban da kuɗin ɗora bayanai da horarwa. Ku tambaya ko leburorin da ake ɗauka na sati biyu lokacin kaka su ma kai ne, ko wanda ya bar aiki amma bayanansa na nan ana ci gaba da cajinsa. Rauninsu shi ne sabis. Ofishin da ke Kudenda ko bayan Rigasa wanda intanet ɗinsa ke zuwa yana ɗaukewa yana buƙatar layin kamfani na biyu a ajiye, musamman a makon albashi.

Na ƙasashen waje kamar BambooHR da Zoho People sun ƙware a ajiyar fayil ɗin ma'aikaci, neman hutu, ɗaukar sababbi da auna ƙwazo. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke ba da rahoto ga masu tallafi na waje kan so su. Sai dai ɓangaren albashin BambooHR na Amurka ne, don haka albashi zai koma wata manhajar ko Excel, aiki ya zama biyu. In kuma da dala aka rubuta farashin, kasafin da kuka yi a Janairu zai iya tashi kafin Yuni ba ku ƙara ko mutum ɗaya ba.

Akwai na kyauta da ake ɗorawa a kan kwamfutar kamfani, irin su Frappe HR da ke tafiya da ERPNext, da OrangeHRM. Kyautar ta tsaya ne a kan lasisi. Za ku biya wanda zai ɗora, ya shigar da matakan haraji da hannu, ya riƙa kwafe bayanai kullum zuwa wani wuri dabam. Kwamfutar kuma tana son inbata ko sola, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta bayanai na iya lalata rumbun baki ɗaya. Masana'antar da ke Kakuri mai ma'aikacin kwamfuta na dindindin, wadda take son haɗa albashi da sito da akanta wuri ɗaya, wannan ya dace da ita. Makarantar da ke dogaro da wani yaro da ke zuwa in an kira shi, ta bar shi kawai.

Na ƙarshe, a miƙa albashin ga kamfanin akantoci su yi. Yana sauke nauyin lissafi, amma hutu da makara da takardun gargaɗi suna nan a wuyanku, kuma in sun yi jinkirin tura fansho, ku doka ta sani.

Gwajin da ke raba aya da tsakuwa

Tun 1 ga Janairun 2026 lissafin PAYE ya canja a ƙarƙashin sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, sai miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. An soke tsohon rangwamen dunƙule da ake cirewa daga albashi kafin a lissafa haraji, an kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira dubu 500.

To, ranar da dila ya zo, kada ku bar shi ya yi nuni da ma'aikatan da ya ƙirƙiro. Ku ba shi wannan. Ma'aikaci yana karɓar naira dubu 250 a wata, duka tushe ne da gida da sufuri, yana biyan hayar naira dubu 400 a shekara, ba ya cikin asusun gidaje na ƙasa da ake cire kuɗinsa daga albashi. A shekara miliyan 3 ke nan. A cire fansho dubu 240, a cire rangwamen haya dubu 80, saura miliyan 2 da dubu 680. A zare dubu 800, a ɗauki kashi 15 na miliyan 1 da dubu 880: dubu 282 a shekara, wato 23,500 a wata. Fanshonsa dubu 20, na kamfani dubu 25, abin da zai shiga asusunsa 206,500. In allon ya nuna wani adadi dabam, ko dila ya ce za su gyara bayan an biya, an gama magana. Ku kuma duba ko akwai gurbin ajiye rasit ko yarjejeniyar haya, domin rangwamen sai da shaida, mai zama a gidan gado ko gidan kansa kuwa ba shi da shi.

Wanda ya haye wannan, a ba shi masu wuya. Wadda ta kama aiki ranar 17 ga wata. Wanda aka yi wa ƙarin girma a Maris amma takarda ta iso a Mayu, ana bin ariyas. Mai gadin da ke shiga ƙarfe 10 na dare ya tashi 6 na safe, wanda manhajoji marasa inganci ke rubuta wa fashin kwana biyu saboda aikinsa ya tsallaka tsakar dare. Mai bashin da ake cirewa kashi shida. Mai jego, wadda dokar ƙwadago ta ba mako 12 da aƙalla rabin albashi, alhali ma'aikatan gwamnatin jihar Kaduna wata shida suke samu, wasu kamfanoni kuma suna da nasu tsarin. Manhaja ta bar ku ku saita naku. Sai hutun Sallah: ranarsa ba ta tabbata sai an ga wata gwamnati ta sanar, don haka dole jami'inku ya iya ƙara ranar hutu da kansa cikin minti ɗaya, ya kuma sauya lokacin tashi a watan azumi da tazarar sallar Juma'a ba tare da ya kira masu manhajar a Legas ba.

Na'urar shaida zuwa aiki

Nan ake yawan asarar kuɗi, domin ana sayen na'urar a kasuwa da manhajar a wani wuri, sai daga baya a gane ba sa magana da juna. Ku fara tambayar mai manhaja waɗanne na'urori yake karɓa. Ƙirar ZKTeco tana da yawa a kasuwarmu, amma ko a cikinta akwai wadda ake kwashe bayananta da filas, akwai mai waya zuwa kwamfuta, akwai mai turawa ta intanet da kanta. Mai filas tana nufin duk ƙarshen wata wani ya bi rassa yana kwasa.

Ta dangwala yatsa ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma a Kaduna tana da abokan gaba sanannu. Hunturu yana busar da fata har ta tsage. Masu taɓa siminti, masu wanki da masu goge-goge zanen yatsunsu yana shafewa. Lalle mai kauri bayan biki ko Sallah yana hana ta karantawa. Maganin shi ne a yi wa kowa rajistar yatsu uku daga hannu biyu, a riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, a kuma sayi wadda ke karɓar kati ko lambar sirri ga 'yan ƙalilan da yatsa ya ƙi. Mai karanta fuska ta fi sauri, ta fi dacewa da asibiti da wurin sarrafa abinci, amma kada a kafa ta tana kallon rana, kuma in kuna da mata masu niƙabi a tanadar musu tasu a ɗakin mata ko a ba su yatsa. Kati shi kaɗai bai hana aboki ya dangwala wa aboki. Wayar hannu mai nuna wurin da mutum yake ta dace da masu tallar kaya da ke yawo tsakanin Kawo da Sabon Tasha, muddin wayoyinsu na zamani ne kuma an san mai biyan data.

Abu biyu ƙanana da ake mantawa. Na'urar ta kasance da batir a cikinta, in ba haka ba duk wanda ya iso kafin a tayar da janareta ya zama bai zo ba. Akwai kuma ƙaramin batirin agogo a ciki. In ya mutu, kwanan wata yana komawa wata tsohuwar shekara, dangwalen mako guda ya faɗa inda manhaja ba za ta gan shi ba. Ku lissafa layi ma: mutum 120 a daƙiƙa biyar kowanne minti goma ne a bakin ƙofa, na ƙarshe ya makara ba da laifinsa ba. A irin wannan, na'ura biyu.

Zanen yatsa da hoton fuska suna cikin bayanan da dokar kare bayanai ta 2023 ta ware a matsayin masu tsananin sirri. A sanar da ma'aikata a rubuce abin da ake tattarawa da dalili, a goge na wanda ya tafi. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, don haka yarjejeniya ta tilasta wa mai manhaja ya faɗa muku nan take.

Ɗorawa da yarjejeniya

Kafin a zuba komai, a tsabtace rajista. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fayil, Mohammed a banki, Muh'd a wurin fansho, kuma ba abin mamaki ba ne a sami Abdullahi Usman uku a kamfani guda. A ba kowa lambar ma'aikaci da ba ta maimaituwa, ita ce kuma za a sa a na'urar ƙofa. A haɗa ta da NIN mai alƙaluma 11, da lambar fansho, da sunan da banki ya tabbatar. Lambar asusu ɗaya da ta bayyana a gaban sunaye biyu, a tsaya a bincika; ta nan ma'aikatan bogi ke fitowa.

A yi wata biyu ana tafiyar da tsohon tsari da sabo tare, ana gwama sakamako layi-layi. Wanda ya fi sauƙi shi ne a gwada a Nuwamba da Disamba a koma sabo a Janairu. In dole sai tsakiyar shekara, a shigar da jimillar albashi da harajin da kowa ya riga ya biya tun Janairu, in ba haka ba rahoton shekara zai fito da giɓi. Mai shigar da albashi kada ya zama mai amincewa da shi, kuma canjin lambar asusu ya bi ta hannu biyu, manhaja ta rubuta sunan wanda ya yi da lokacin.

A takardar yarjejeniya ku nemi a rubuta awa nawa za su ɗauka kafin su amsa kira a makon albashi, ko horarwa a Kaduna za a yi ko ta bidiyo, da sanarwar wata nawa kafin ƙarin farashi. Ku tambayi yadda direba ko mai shara marar babbar waya zai ga takardar albashinsa, ta saƙon tes ko a buga masa. Sannan a rubuta ƙarara cewa ranar da kuka rabu za su ba ku dukkan bayananku cikin Excel, har da takardun albashin baya, ba tare da ƙarin caji ba, domin dokar ƙwadago tana son a ajiye bayanan albashi na shekara uku, masu binciken haraji kuma kan nemi fiye da haka.