Shagon da ya ƙi aiko mana da kyankyasai zuwa Fulorida

Autana yana kiwon ƙadangare, irin na Ostareliya ɗin nan mai ƙaya a haɓa. Muna jihar Ohayo a Amurka, abincinsa kyankyasan dubia ne, duk wata nake yin odarsu daga wani shagon intanet. Ba sa iya hawa bangon roba mai santsi, ba sa kuka da dare kamar gyare, shi ya sa ma uwargida ta yarda suka shigo gidan.

Da muka koma birnin Tampa a jihar Fulorida sai na yi oda kamar kullum, har aka cire kuɗin. Washegari saƙo ya zo cewa an soke. Raina ya ɓaci, na kira su a waya. Wata mata ta ɗauka, ta yi mini bayani dalla-dalla ba tare da ƙosawa ba. Ashe asalin dubia daga Kudancin Amurka suke, kuma hukumar noma ta Fulorida ba ta yarda a shigo da su jihar ba sai da izini. Can Ohayo sanyin hunturu ne ke gamawa da duk wanda ya tsere. Nan kuwa ga ɗumi ga laima, abin da ake gudu shi ne su samu wurin zama su yi ta hayayyafa. Ta ce a matakin tarayya ma akwai takardar PPQ 526 da ma'aikatar noma ke bayarwa kafin a tsallaka da ƙwarin da ka iya ɓata shuka daga jiha zuwa jiha.

Sai ta ce in gwada wani irin kyankyaso da ake kira discoid, su an halatta su a Fulorida. Na ɗauki ɗari. Kwana biyu suka iso cikin kwali mai huji-huji, an jera musu kiret ɗin ƙwai su laɓe, ga yankan karas. Uku kawai na samu matattu. Ta kuma shawarce ni in sa a ajiye kwalin a gidan waya in je in karɓa, kada rana ta gasa su a ƙofar gida.

Sun fi dubia tsada, kuma sai da ƙadangaren ya yi kwana biyu yana kallonsu kafin ya soma ci. Yaron har abinci ya ƙi ci a kwanakin.

Ƙorafina ɗaya ne. Tunda na sa adireshin Fulorida, kamata ya yi shafin ya tsayar da ni kafin a taɓa kuɗina, don sai da aka yi kwana biyar suka dawo. Duk da haka can zan ci gaba da saye, na riga na yi odar wata mai zuwa.