Sashen Ba da Shawara ga Masu Firgici a Wani Asibiti a Gusau

Ma'aikatan sun san aikinsu. Sai mugun mafarki, razana da gudun wurin da mummunan abu ya faru da mutum sun haura wata 1 suke kiransa ciwon firgici, sannan su sa zama mako-mako.

Mata sun kusa ninka maza a wannan ciwo, amma ɗakinsu labule kawai ya raba shi da layin karɓar magani. Wadda 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe baki a nan ba, balle gaban namiji. Sai ta ce ciwon kai ne. Maza kuwa da rashin barci, saurin fushi ko shan tiramol suke zuwa, akan sallame su da ƙwayar sa barci ta diazepam, wadda ba ta maganin firgici, sabo take jawowa.