Almakashin fulad na zamanin Ƙajar: duba ruwan ƙarfen kafin ka biya

Cikin kayan tarihi da dillalan Isfahan da Tehran ke sayarwa, almakashin marubuta na zamanin daular Ƙajar ta Iran (1789–1925) ya fi madubi da ƙwaryar barar darwishai (sufaye masu yawo) amfani, domin har yau yana yanka takarda. Bakinsa dogo ne siriri, cikin kowane gefe a kwarɓe kamar kwalbatin ruwa, don haka kaifin biyu kaɗai ke haɗuwa, takarda ba ta tauna.

Darajarsa tana ga ƙarfen. Fulad, ƙarfen da Turawa ke kira wootz, ana narka shi ne a ƙaramar tukunyar yumɓu a rufe, da baƙin ƙarfe da itace ko ganye, a zafin da ya haura digiri 1,300 a ma'aunin Salsiyas, sannan a bar shi ya huce a hankali. Kabon da ke ciki yakan kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Maƙeri kuma ba ya barin sa ya wuce ja a wuta. In ya yi fari, ko ya farfashe a kan maƙera ko zanen ya ɓace. Wannan zane mai kama da igiyar ruwa shi Farisawa ke kira jauhar, kuma shi ake saya.

A nan ake cutar mai saye. Tun ƙarni na 19 ana shafa kaki a kan ƙarfe na yau da kullum, a zana, a ci shi da asid ya fito kamar jauhar. Sa gilashin ƙara girma: na gaskiya ɗigo-ɗigo ne masu haske da suka jeru, suna bin lanƙwasar ƙira har cikin kwarin baki da gefen zoben yatsa. Na jabu layinsa sumul ne, yana maimaita kansa, kuma yana tsayawa daidai inda ido ba ya kaiwa. Almakashi marar zane ma yana iya zama tsohon gaske, sai dai kada a biya masa kuɗin mai jauhar.

Adon zinariyar, koftgari, ba ya jure hannu. Karce fuskar ƙarfen ake yi a buga zaren zinariya a kai, shi ya sa yake fara gogewa a zobba.

Ƙusar tsakiya ce ke yawan saki. Kada a kai wa mai wasa wuƙa na kasuwa ya bubbuga: ƙarfe mai kabon da yawa tsagewa yake a bakin huda, dutsen inji kuwa yana cinye kwarin bakin. Tsatsa ma ba a bin ta da samfefa. Mai marar nauyi da auduga sun isa, a goge, a shafa Renaissance Wax (wani kakin adana kayan tarihi) siriri, a ajiye inda laima ba ta wuce kashi 40 cikin ɗari ba, musamman da damina. Yanka yadi da kwali ba aikin wannan almakashi ba ne. Takarda falle ɗaya ko biyu kawai.